Baƙin Akwatin da Ya Faɗa Rabon Rabi

Watan nan yayana Iliya mai surfani, na unguwar Birni, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abin sadaka, in kira ƴaƴansa a waya, shi ke nan. Bana kuwa na kasa tsayawa nan, don gab da ƙaramar Sallah saura ƙiris shagon da ya bari ya bi shi, kuma har yau da nake wannan rubutu abin bai fita daga raina ba.

Mu gidan masu aikin wuyan riga ne. Babanmu da allura da zare ya ciyar da mu, yana zaune a zaure daga hantsi har idonsa ya gaji. Yaya ya gaji sana'ar, amma shi mutum ne da ba ya ganin sabon abu ya wuce. Daga allura ya koma keke, daga keke ya koma wata babbar na'urar surfani da ke ɗinki da kanta idan ordinater, wato kwamfuta, ta ba ta umarni. Ta hannu ce, wani ɗan kasuwa ya hawo da ita daga bakin teku. Ta zo da faifai guda mai ɗauke da manhajar da ke magana da ita. Faifan ya karce tun Yaya na da rai, ɗan kasuwar kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan duk tashin hankalin yake: manhajar nan ba ta ko'ina a duniyar da muka sani sai cikin tsohuwar ordinater ɗin Yaya. Idan ta tafi, na'urar ta zama ƙarfen banza, kuma gida guda ne ke ci daga gare ta.

Ordinater ɗin ma ba irin ta kowa ba ce. Idan ka kunna ta ba ta buɗewa kai tsaye. Sai ta nuna maka baƙin allo da layi biyu na farin rubutu, ta tsaya tana jiran ka zaɓa. Tsari biyu ya zuba mata a ciki guda. Masu sani sun ce ɗaya Linux ne, ɗaya tsohon Windows, amma shi Yaya zaure da cikin gida yake ce musu. Zaure shi ne na sama, nan yake shiga intanet, ya karɓi hotunan da masu kaya suka turo, ya sa kile ɗin kowa, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin ordinater. Cikin gida shi ne na ƙasa, inda manhajar take tare da zanen Babanmu da ya kwashe ɗaya bayan ɗaya, su aska takwas da tambari. Nan ba intanet, ba kilen baƙo. Yakan ce, wa ya taɓa shigar da baƙo har ɗakin matarsa?

Ni daktilo ce, mai buga takardu, a wani biro na gwamnati na yi aiki har na aje. Saboda haka Yaya ya ɗauka ni kaɗai ce a dangi na san darajar irin waɗannan kaya, ko da yake gaskiya sanina bai wuce buga wasiƙa ba. Wata rana, ba a daɗe da rasuwar maigidana ba, ya zo gidana da ke Zango da wani baƙin akwati kamar sabulun wanki, da ƴar igiyarsa a naɗe. Ya ce disk dur ne, kuma duk abin da ke cikin ordinater ɗinsa yana ciki. Ba zaɓen zane yake yi ɗaya-ɗaya ba, gidan ne gaba ɗaya yake ɗauka, da zauren, da cikin gidan, har da ƙofar nan da ke tambayar ka ina za ka. Na ce to me ya sa ba zai aje shi a shago ba, ga shi kusa? Ya harare ni ya ce, “Daktilo, in wuta ta tashi a shago, ko rufi ya zubo da damina, so kike su tafi tare?”

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace Juma'a da hantsi sai in ji ƙarar motonsa, babur ɗin nan nasa, a ƙofa, ya yi sallama yana cewa, “Daktilo, fito mini da ajiyata.” Ya kai shago, ya sallami masu aiki su tafi shirin masallaci, ya haɗa kayansa ya kulle. Kafin a sauko daga salla an gama kwafi. Sai ya dawo mini da akwatin, ya zauna a tabarmar gindin bishiyar bedi, ya sha fura, ya yi ta tsokanata har la'asar. Ba wanda ya taɓa ganin yadda yake yin kwafin, har ɗansa Nasiru da ke aiki tare da shi. Kullum cewa yake zai nuna masa idan aiki ya lafa. Aiki bai lafa ba, hawan jini ya kayar da shi wata Laraba, bai sake magana ba.

Da aka zo rabon gado na ɗauki akwatin na kai, don amana ce, kuma duk abin da mamaci ya bari sai an fito da shi. Ban ga laifin liman da ya yi rabon ba. An jera masa kaya a tabarma, ya yi wa kowane abu ƙima, ya raba yadda Allah ya ce. Matar Yaya, Abu, ta samu nata. Na'ura da ordinater suka faɗa wa Nasiru, tun da shi zai riƙe shago. Da aka zo cike rabon ƙanwarsa Rabi, da ke aure a Takieta, sai aka ɗora mata baƙin akwatin a kan sauran kayanta. Daga bakin ƙofa na ɗaga murya na ce, jama'a, wannan fa da ordinater ɗin abu ɗaya ne, ba a raba su. Wani baffanmu ya juyo ya ce, “Hajiya, ke ba ki cikin magada, ki bari a gama.” Gaskiya ya faɗa, ba na ciki. Nasiru kuwa idonsa cike da hawaye ya ce a ba ta, shi ba ya jayayya da ƙanwarsa a kan komai.

Ita Rabi ba haka ta ɗauki abin ba. A ganinta an ba yayanta abin da ke kawo abinci, ita an cike mata da abin da ko kunna shi ba za ta iya ba, don ba ta da ordinater. Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Sai dai zuwa ya ragu, waya ta ragu, har ta kai sai biki ko mutuwa ke haɗa su. Na yi magana na gaji. Shekarun nan duk, idan na wuce shagon na ji ƙarar allura, sai in ce alhamdu lillahi, amma can ƙasan raina ina ƙirga tsufan wannan ordinater.

Bana, azumi ya yi nisa, shaddar mutane ta cika shago har saman kujeru. Kuran kuwa, wutar lantarki, kun san yadda yake mana da zafi, ya zo ya tafi ya dawo. Wata safiya Nasiru ya kunna ordinater, layukan nan biyu ba su fito ba. Sai wata ƴar ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas. Ya kashe ya kunna har ya gaji. Da na gan shi a ƙofar gidana rungume da ita, magidanci guda mai ƴaƴa uku yana zufa, ban jira ya yi magana ba, na ɗauki mayafina.

Muka je wurin Habibu, wani mai gyara a kusa da kasuwar Dole, mutum mai natsuwa da ba ya cika baki. Ya buɗe ta, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce, “Hajiya, disk ɗin ciki ya mutu, kuma irin mutuwar da ba na iya tayarwa. Sabo akwai, yanzu in sa muku. Amma fanko zai zo. Zauren nan da kuke faɗa ina iya gina muku wani. Manhajar na'urar ce ba ni da ita, kuma ba na jin ko a Yamai za ku samu. Tsoho bai bar kwafi ba?”

Na juya na kalli Nasiru. Na ce kai fa, a shekara bakwai, ko sau ɗaya ka taɓa kwafe wani abu? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Gwaggo, ai ba ta taɓa yin gardama ba.” Wallahi don dai bakina da azumi ne, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na ce masa kwafi guda ne a duniya, kuma yana Takieta. Ya ce ko zan taimaka in je in karɓo. Na ce a'a, ƙafata ƙafarka, kuma kai za ka buɗe baki ka roƙa.

Ban taɓa ganin tsawon hanyar Takieta irin na ranar ba. Mota na gudu a kan kwaltar gudron, ni kuwa zuciyata na saƙe-saƙe. In ce ko mijinta ya ba wani ya share shi ya zuba finafinai. In ce ko yara sun same shi sun yi mota da shi. Ko ta sayar tun shekarar farko don haushi, wa zai ga laifinta? Ko da yana nan ma, Habibu ya riga ya gargaɗe mu cewa irin wannan abu idan ya daɗe ba a kunna shi ba yakan kafe, ga zafin garinmu. Muna wuce Tirmini na ga Nasiru yana motsa baki. Na ɗauka tasbihi yake, ashe maganar da zai yi wa ƙanwarsa yake ta maimaitawa.

Rabi ta tarbe mu da fara'a daidai gwargwado. Azumi ya hana a kawo ruwa, sai muka zauna haka nan hannu ba abin riƙewa. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka sake gaisawa. Can Nasiru ya yi ta maza ya faɗi abin da ya kawo shi. Rabi ta dube shi ido cikin ido. Sannan ta ce, “Yaya, shekara bakwai ba ka taɓa taka gidan nan ba sai yau da akwati ya kawo ka.” Ta tashi ta shiga ɗaki. Muna jin ta tana sauke kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da shi naɗe cikin tsohuwar hular babansu, har da igiyar. Ta ce ita ba ta san amfaninsa ba, amma hannun babanta ya taɓa shi, shi ya sa ko mijinta ba ta bari ya gwada ba. Nasiru ya miƙa hannu, ta janye. Ta ce rabonta ne, ba inda za shi ba tare da ita ba. Haka muka dawo Damagaram mu uku, akwatin a cinyarta, duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kamar a ƙirjina.

Washegari Habibu ya haɗa shi. Ƴar fitilarsa ta yi ƙyaf, muka ji yana juyawa a hankali. Na ce Allahu akbar da ƙarfi har masu wucewa suka leƙo. Kafin ya taɓa komai sai ya kwafe abin da ke ciki zuwa wani nasa, ya ce ba a wasa da abu guda ɗaya tilo. Amma murnarmu ba ta je ko'ina ba. Ya ce kwafin ƙunshe yake cikin dunƙule guda, kuma abin da ya ƙunshe shi ne ya fi dacewa ya kwance shi. Lalle tsoho yana da wani ɗan kile da yake tada ordinater da shi idan zai yi wannan aiki. Ya ce zai iya gwada nasa, amma tsakanin na da da na yanzu akwai shekaru, ba zai yi mana alkawari ba. Ina kilen?

Muka birkice shago. Aljihun tebur, gwangwanin maɓallai, ƙarƙashin shaddar mutane, ba inda ba mu duba ba. Abu ta zo ta tsaya tana kallon mu. Ta ce ita dai duk abin da Malam ya bari a shagon nan an fitar ran rabo, in ban da layarsa. Ta nuna ƙusar da ke saman na'ura. Wata ƴar jar fata ce mai igiya, aikin dukawan garinmu, ta yi baƙi don ƙura. Kowa ya san ta. Ranar rabo ba a sa ta cikin kaya ba, don wa zai yi wa laya ƙima? Nasiru ma ya ce kowace safiya sai ya shafa ta kafin ya kunna na'ura, kuma ya yi imani ita ke tsare shagon. Abu ta ce kada wanda ya kuskura ya buɗe, ba a buɗe laya. Rabi ta sauko da ita tana juyawa a hannu, sai ta ce, “Inna, laya ai ɗinke take ruf. Wannan marfi gare ta.” Ta ja marfin. Ɗan kile mai shuɗin kai ya faɗo a tafin hannunta. Abu ta dafe ƙirji tana salati, ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara.

Aikin ya cinye yinin nan. Habibu ya sa sabon disk, ya tada ordinater da kilen Yaya, ya nuna mata akwatin, wani ɗan layi ya fara rarrafe a allo. Ya ce idan kuran ya ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko, ga batirin tsohuwar ba ya riƙe wuta. Ban taɓa yi wa wutar lantarki addu'a ba sai ranar. Da layin ya cika ya zare komai ya kunna. Baƙin allo, ba rubutu. Na saki salati. Habibu ya ce in kwantar da hankali, ɗakunan biyu sun dawo, ƙofar ce ba ta gane sabon wuri ba. Ya sake sa kilen, ya yi ƴan danne-danne, ya kashe ya kunna. Sai ga su, layi biyu farare, suna jira kamar ba abin da ya faru. Nasiru ya zaɓi na ƙasa. Kafin a sha ruwa mun kai ta shago, allura ta fara sauka a kan shadda.

Da ma a nan labarin ya ƙare. Nasiru ya buɗe wurin ajiyar zane yana neman wanda wani ango ya zaɓa. Ga na Babanmu duk, ga na Yaya duk, har wanda ya fara bai gama ba kafin ya faɗi. Daga nan babu komai. Ordinater ta koma daidai Juma'ar ƙarshe da Yaya ya kwafe ta. Duk abin da Nasiru ya zana da hannunsa a shekara bakwai, wuyan rigunan mata da aka san shi da su har Mirriya, da hulunan da samari ke rububi, sun tafi tare da mataccen disk. Ya daɗe yana sama da ƙasa da jerin, ko zai ga guda ɗaya. Na uba sun dawo, na ɗa ba su dawo ba. Wasu masu kaya suka haƙura da tsohon zane, wasu suka kwashe shaddarsu. Har yanzu yana bin mutane yana roƙon su ara masa rigunan da ya ɗinka musu, don ya sake zanawa daga jikinsu.

Nakan zauna in ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai fara da dariyar layar, har ya riƙe ciki. Bayan haka zai ɓata rai. Zai ga yadda kowa a garin nan ya zuba rayuwarsa cikin waya guda, hotunan iyaye, takardun makarantar lakwal, lambobin abokan ciniki, in ka tambaya ina kwafi a ce maka ai yana sama. Wace saman, wa ke riƙe da mabuɗinta, ba mai iya gaya maka. Amma ni ma ina da abin da zan ce masa. Yaya, ka yi ajiya mai kyau, sai dai ka bar sanin a kanka kai kaɗai, kuma saura kaɗan ya bi ka kabari. Yanzu Habibu ya zaunar da Nasiru da Rabi ya nuna musu aikin tun daga farko, ya sa kowannensu ya yi da hannunsa, ya kuma yi wa kilen ɗan'uwa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Habibu ya gaya mini gaskiya cewa ita kanta ordinater ɗin ta tsufa, kuma irin wadda tsohon tsarin ke yarda da ita sai ƙara wuya take a kasuwa. Idan na ji kuran ya ɗauke da rana tsaka, sai in tsinci kaina ina neman lambar Nasiru.

Bayan Sallah Nasiru ya nemi Rabi ta bar masa akwatin, ya ba ta duk abin da take so a madadinsa. Ta ƙi. Ta ce babansu bai taɓa kwana da shi a shago ba, ita ma ba za ta bari ba. In yana son kwafi ya ɗauko ordinater ya zo Takieta. Ya yi ƙorafin nisa, ya ce shi ba zai iya kowace Juma'a ba. Sai muka koma wurin Habibu ya raba gardama. Ya ce sabon zane a riƙa sa shi a kile kullum, wannan ba wuya. Amma ɗaukar gidan gaba ɗaya, ga shago irin wannan da tsarinsa ba ya canjawa, sau ɗaya a wata ya isa har ya yi yawa. Na ce a'a, marigayi duk mako yake yi. Habibu ya yi murmushi ya ce, “To Hajiya, wannan kam ba don ordinater ba ne.”

Na dawo gida na zauna a gindin bedin nan, na daɗe ban tashi ba. Shekara da shekaru ina alfahari ni ce mai tsaron ajiyar Yaya. Sai yanzu na lura cewa a watan da na fita takaba ya fara kawo mini akwatin, lokacin da gidan ya yi mini faɗi, ba mai shigowa.

Juma'ar farkon watan nan Rabi ta kira ni. Ta ce Nasiru ya zo tun hantsi, kwafi ya gama kafin a tafi masallaci, amma ga shi har la'asar yana kan tabarma yana tsokanar ta, ya shanye mata fura. Na ce ta ƙyale shi, ta ƙara dama wata. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya Iliya. Ajiyarka ta isa inda ka nufa.